Ɗan Da Aka Haifa A Waje: Tsakanin Nasaba Da Dokar Ƙasa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai gidajen da suke da dangi a Sudan ko Makka, watau zuriyar waɗanda suka tafi aikin Hajji ta ƙasa, ko fatauci, ko neman ilmi, zama ya kama su, suka yi aure suka hayayyafa. To, mene ne matsayin 'ya'yan nan a dokar Nijeriya?

A tsarin mulkin 1960 da na 1963, wanda aka haifa a waje ba ya zama ɗan ƙasa sai ta wajen ubansa. Tsarin mulkin 1979 ya sāke wannan, ya ce ko uba ko uwa, ɗaya ya isa. Na 1999, a sashe na 25, ya tabbatar da haka. Har wa yau, na 1979 ya hana riƙe ƙasa biyu, amma na 1999 ya yarje wa wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun bai wa uwa wannan dama a 1999.

Waɗansu suna tsammanin wannan ya saɓa wa Shari'a, tun da yake Alƙur'ani, a aya ta 5 ta Suratul Ahzab, ya yi umarni a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu. Lalle nan akwai rikita abu biyu. Nasaba hukuncin Allah ce, a kanta ake gina gado da waliccin aure, ba majalisar da za ta taɓa ta. Zama ɗan ƙasa kuwa tsari ne na hukuma, wanda ya shafi fasfo da ƙuri'a da aikin gwamnati. Yaron da ya sami fasfo ta wajen uwarsa bai fita daga nasabar ubansa ba ko kaɗan.

Kada a ɗauki al'amarin da wasa. A 1980 an kori Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Jihar Borno, zuwa Cadi, bisa zargin ubansa baƙo ne. Kotu ce ta mayar masa da haƙƙinsa, saboda uwarsa 'yar ƙasa ce. In haka ta sami babban mutum da aka haifa a gida, ina ga marayan da aka haifa a Jidda ba takarda? A Saudiyya haihuwa kaɗai ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa. In iyaye suka yi sakaci, sai yaro ya tashi ba shi nan ba shi can.

Saboda haka muna kira ga attajirai da ma'aikata, duk wanda ya yi aure a waje ya rubuta auren da shaidu. In an haihu, a sanar da ofishin jakadancin Nijeriya tun da wuri. A kuma nema wa yaro takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar Birnin Kudu ko Gwaram tun dattawan da suka san gidan suna raye, domin ranar rabon gado ba ranar neman shaida ba ce. 'Ya'ya amana ne, za a tambaye mu a kansu.

Allah Ya shiryi zuriyarmu duk inda suke, amin.