Runduna ba lamba ba ce, ku daina wasa da tarihinmu

Samarin Tudun Wada, da ku nake. Ku da kuke kwana kan waya kuna jan runduna a wasannin yaƙi, gari ya waye ku zauna a majalisa kuna yanke hukunci kan Gobir da Zamfara da Sakkwato kamar da ku aka yi. Wani ya ce Sarkin Musulmi Bello ya fita da mayaƙa miliyan ɗaya, wani ya ce ai yaƙin kakanninmu bai wuce faɗan ƙauye ba. Dukanku kun yi kuskure, kuma tushensa ɗaya: ba ku karanta ba.

Wasa ba laifi ba ne. Abin farin ciki ne ma a ga Daurama a Crusader Kings III, a ga Sarauniya Amina a Civilization VII. Amma wanda ya ƙera wasa nishaɗi yake sayarwa. A Age of Empires II mutum 200 ne iyakar jama'arka a bisa al'ada, da manoma da mayaƙa duka. Ka danna, soja ya fito. Ya mutu, ka danna wani. Ba ya ƙishirwa, ba ya zazzaɓi, ba uwar da za ta yi kukansa. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin darasin tarihi ya cuci kansa.

Ku duba abin da ya faru a ƙasarmu. A shekarar 1826 Bature Kilafaton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Konya, birnin Gobirawa. Ya ƙiyasta mayaƙa 50,000 zuwa 60,000, ya ce fiye da tara cikin goma dakaru ne masu tafiya a ƙasa. Da duk wannan yawa ba a ci garin ba, aka janye. Kuma wadda ya fi yabawa a ranar ba wani barde mai lifidi ba ce. Wata tsohuwa ce 'yar Zamfara, bisa doki, rataye da goruna cike da ruwa da tasar tagulla, tana bin masu rauni da masu ƙishirwa tana shayar da su. Wane wasa ne ya taɓa nuna muku ita?

Yanzu ku yi lissafin da ko ɗan tireda zai yi. A ce tiya ɗaya ta gero ta ciyar da mutum huɗu a yini. Mutum 50,000 sai tiya 12,500, wato buhu sama da 300 kowace rana, ban da harawar dawaki da ruwan sha. Jakuna nawa za su ɗauka? Rumbun wa za a fasa? Shi ya sa yawancin yaƙi da rani ake yi, don mayaƙan manoma ne, damina ta faɗi dole a koma gona. Duk wanda ya ce miliyan, ku tambaye shi inda aka samo tuwonsu.

Ƙarin gishiri a yawan mayaƙa tsohuwar cuta ce. Hirodotus na Girka ya rubuta cewa Sarkin Farisa ya zo da dakaru 1,700,000 a shekarar 480 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, kuma masana na yau ba su yarda da adadin ba. Mai nasara yakan ƙara yawan abokan gaba don a ji girmansa. Ga misali a Kwatarkwashi, nan ƙasar Bungudu. A 1903 Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada a can. Turawa suka rubuta cewa jami'insu Wright, da jami'i ɗaya da soja 44, sun tare mahaya 1,000 da dakaru 2,000, suka ba shi babbar lambar yabo. Wa ya ƙirga mutanen Waziri? Wanda ya harbe su. Kun taɓa tambayar haka, ko kun san ma an yi wannan gumurzu kusa da gidajenku?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan sakaci ya bi mu har cikin masifar da muke ciki. Ƙauyukan Tsafe da Bungudu suna binne mutanen da 'yan bindiga suka kashe, ku kuwa kuna tura adadi a WhatsApp ba tare da bincike ba, wannan ya ƙara, wancan ya rage. Wanda ya saba ganin soja a matsayin lamba, ran maƙwabcinsa ma lamba zai zama a wurinsa. A yaƙin Tsuntsuwa, a 1804, jama'ar Shehu ɗan Fodiyo ta rasa mutum wajen 2,000, kuma abin da aka fi tunawa shi ne kimanin 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Magabata sun san waɗanda suka rasa.

Ku nemi Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙat na Abdullahi ɗan Fodiyo, ku samu malami ya karanta muku. Ku je 'Yandoto da Kwatarkwashi ku zauna da dattawa. Ku yi wasanku in kun ga dama, amma kada wani ya sake buɗe baki ya faɗi adadin mayaƙa ko na mamata sai ya san daga inda ya samo shi.