Hawa da Saukar Iska a Saman Ikwaita: Awo Ne ko Ƙiyasi?

A tazarar kilomita 200 zuwa 400 daga doron ƙasa, iska na motsi iri biyu. Mai tafiya a kwance takan kai gudun mita 100 a daƙiƙa, mai hawa da sauka kuwa galibi 'yan mitoci ne kawai. Duk da ƙanƙantarsa, wannan motsi na biyu yana sauya haɗin sinadaran iskar, ya kuma taɓa sashen nan mai cajin lantarki wanda saƙonnin GPS ke ratsawa.

Wahalar tana wajen awo. Tauraron ɗan'adam na gudun kusan mita 7,800 a daƙiƙa. Idan saitinsa ya karkace da kashi ɗaya cikin goma na digiri, kuskuren zai kai kusan mita 14 a daƙiƙa, wato yana iya fin abin da ake nema girma. Tauraron Amurka mai suna Dynamics Explorer 2, wanda aka harba a 1981, ya ɗauki na'urar auna wannan iska kai tsaye. Shi kuwa ICON na 2019, iskar kwance ya auna. Daga irin wannan awo ne masana ke lissafo saura, bisa hujjar cewa inda iska ta taru daga sassa daban-daban, tilas ta hau ko ta sauka.

A ganina, abin da lissafi ya haifar ƙiyasi ne, ba awo ba, kuma bai kamata a karɓe shi ba sai da shaida daga ƙasa. Shaidar tana samuwa: na'urar Fabry-Perot na duban jan hasken da iskar oksijin ke fitarwa da dare a wajen kilomita 250, ta gano motsin daga sauyin launinsa.

Tashar Jicamarca na aiki a ƙasar Peru tun farkon shekarun 1960, shi ya sa yawancin abin da aka sani game da saman ikwaita ya fito daga can. Alhali layin ikwaitan maganaɗisu ya ratsa arewacin Nijeriya, kuma Farfesa Cyril Onwumechili ya yi fice wajen nazarin lantarkin da ke gudana a samansa. Muddin jami'o'inmu ba su kafa irin waɗannan na'urori ba, da awon wata nahiya za a ci gaba da fassara samaniyarmu.