Ku Cire Ƙarar Bindiga Daga Kiɗan, Batsari da Safana Na Ji

Da ku nake, masu shirin gambarar zamani a gidajen rediyon Katsina: dijen da ke haɗa kiɗa, mai gabatarwar da ke riƙe da makirufo, da samarin da ake gayyatowa su zuba waƙar nan-take. Muryarku ba ta tsayawa a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Soro. Iska na ɗaukarta ta yi yamma da ita, ta bi ta Batsari da Ruma da Wagini, ta gangara Safana da Runka da Zakka, har gefen Dajin Rugu. Can akwai masu saurarenku, wasu ta ƙaramar rediyo mai batir, wasu ta rediyon da ke cikin waya. Abin da kuke aika musu abin kunya ne, kuma ya kamata a faɗa muku ba tare da sakaye ba.

Zan fara da abin da ya fi ci mini rai. Dije ya haɗa waƙa da waƙa, daidai wurin da zai sauya kiɗa sai ya danna ƙarar harbi, tatatata, ya biyo da jiniya, ya ɗora sunansa a kai. Ya ji ana yi a haɗin kiɗan Legas da na Amurka, shi ma ya kwaso. Ɗan'uwa, ka san wa ke jin wannan ƙarar da ƙarfe goma na dare? Mutumin da ya koyi bambance ƙarar bindigar 'yan sa-kai da ta ɓarayin daji tun yana kan shimfiɗa. Uwar da ta saba kwana da takalmi a ƙafa da goyo a baya, don kada gudu ya kama ta ba shiri. A watan Mayun 2019 an kashe mutum 18 a 'Yargamji ta ƙasar Batsari, 'yan'uwansu suka ɗauko gawarwakin a mota har cikin birnin Katsina don masu mulki su gani da idonsu. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin dare ɗaya. Waɗannan garuruwa suna cikin da'irar da tasharka ke kaiwa, ko dai dangin mutanensu da suka yi gudun hijira suna bayan gidan rediyon naka, a kangaye da gidajen haya. Kai kuma ka mayar da ƙarar da ta raba su da gidajensu kayan ƙawata kiɗa. Ba na zarginka da mugunta. Rashin tunani nake zarginka da shi, kuma ga mai riƙe da makirufo, rashin tunani laifi ne mai zaman kansa.

Sai a zo kan waƙar nan-take. A tara samari uku ko huɗu a situdiyo, a sakar musu kiɗa, kowa ya ce shi ne sarki. Wannan ya lissafa motocin da bai taɓa shiga ba, wancan ya ƙirga dalolin da bai taɓa riƙewa ba, na ukun ya ce duk wanda ya ja da shi zai aika shi lahira, ya kwaikwayi harbi da baki. Rabin maganar cikin Turancin da shi kansa mai yin bai mallaka ba, sauran rabin cikin Hausar da aka karya mata ƙafa da gangan don ta yi kama da ta baƙo. Mai gabatarwa yana gefe yana ihun wuta ce, wuta ce. A yankin da yaro ɗan shekara sha biyar yake ganin wanda ya fi kowa kuɗi da babur da waya a kewayensa shi ne mai bindiga, kun zo kuna tabbatar masa da haka da kiɗa mai daɗi. Ƙasar Hausa ta taɓa yin mawaƙin ɓarayi, Gambu na ƙasar Kabi, kuma ko shi sai da ya ajiye kalangun ya tuba kafin rasuwarsa. Ɓarayin da ya wasa ma masu haura katanga ne, ba masu ƙone gari da rumbunansa ba.

Ku tuna watan Satumbar 2021. Aka yanke sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, da Batsari da Safana a ciki. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin yankin, ta hana sayar da fetur a jarka, aka tsayar da sana'ar cajin waya. Aka shafe watanni mutum ba ya iya kiran ɗan'uwansa ya ce an shigo mana. Babu Facebook, babu WhatsApp, babu TikTok. Rediyo kaɗai ta rage, ita ce taga ɗaya da matashin Runka ke leƙa duniya ta cikinta. Wannan lokaci ya isa ya koya wa duk mai aikin rediyo a Katsina nauyin abin da ke hannunsa. Sabis ya dawo, shekaru sun wuce, an kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, an yi zaman sulhu a nan da can, mutane na ta ƙoƙarin komawa gona, amma shirin matasa yana nan yadda yake, kamar a wata ƙasa ake watsa shi.

Kuna yawan cewa ai haka hip-hop yake, haka masu shi suke yi. Ba haka ba ne, kuma da kun karanta tarihin sana'ar da kuke ci da ita da ba ku faɗi haka ba. A watan Agustan 1973 ne DJ Kool Herc, ɗan asalin Jamaika, ya yi kiɗan da ake ƙirga shi a matsayin mafari, a wani ɗakin taro na gidan haya a unguwar Bronx ta birnin New York. Unguwa ce ta talakawa baƙar fata da 'yan ci-rani, gidaje na ƙonewa, hukuma ta juya baya. Dabarar da ya zo da ita ita ce ya sa faifai biyu iri ɗaya, ya riƙa maimaita gaɓar da ganga kaɗai ke tashi, saboda ya lura nan ne masu rawa suka fi motsi. Wato idonsa na kan mutanen da ke gabansa. A 1982 Grandmaster Flash da ƙungiyarsa suka fitar da "The Message", wadda ba komai a cikinta sai bayanin ƙuncin unguwarsu, ita ce kuma ta sa duniya ta daina ɗaukar wannan kiɗa wasan yara. Daga 1990 zuwa 1998 wasu samari biyu, Stretch Armstrong da Bobbito, sun riƙe wani shirin tsakar dare a WKCR, rediyon Jami'ar Columbia, suna miƙa makirufo ga yaran da ba wanda ya san su. Nas da Jay-Z da Notorious B.I.G. duk sun bi ta wannan ɗakin kafin duniya ta san sunansu. Abin da ya ɗaukaka shirin shi ne kunnen masu shi: suna nemo gwani, ba gwani ke sayen kujera ba.

A nan kuwa kowa ya san yadda ake yi, ko da ba a faɗa a iska. Yaro zai kawo waƙarsa a memori, a ce ya ga dije. In yana son a kira shi waƙar nan-take, ya ga mai gabatarwa. Ɗan mai hali da ke cikin birni zai biya ya shiga ko da baitinsa ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Yaron da aka koro daga ƙauyensu, yana tura baro ko sayar da ruwa a Katsina, wanda cikinsa ke cike da maganar da in ya fesar da ita sai gashin jikinka ya tashi, ina zai samo kuɗin ganin dije? Wanda ke can Batsari kuwa sai ya haɗa da kuɗin mota da fargabar hanya. Haka aka wayi gari shirin da ake cewa na matasan jiha ya zama na 'ya'yan unguwanni huɗu ko biyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ɗakin an bar shi a bakin ƙofa.

Har ita waƙar nan-taken ma, yawancinta ba nan-take ba ce. An rubuto ta a waya, an haddace, ko ana karantowa a ɓoye. Wannan ya fi ba ni takaici saboda a jihar Mamman Shata ake yin sa. Mutumin Musawa, wanda har ya rasu a 1999 an san shi da tsayuwa a fili ya dubi taro ya ƙera waƙa a take, 'yan amshi su ɗauka, kalangu ya bi. Kafin a haifi Kool Herc, 'yan gambara na zagaya kasuwanninmu suna jera magana a kan kiɗa, da zambo da habaici da ba'a, suna yi da abin da idonsu ya gani a wurin. Ɗan dambe yana da kirarinsa, ɗan tauri da maharbi suna da nasu, kuma ƙasar Ruma da bakin Rugu gidan wannan fasaha ne. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, ya ɗauki mutumin da ba wanda ke kallo ya sa shi a bakin duniya. Wannan gadon yana hannunku kyauta, kun ture shi kuna kwaikwayon wanda shi ma kwaikwayo yake. Ba cewa nake ku koma kalangu ba. Ku riƙe kiɗanku na kwamfuta, yana da daɗi in an iya. ClassiQ da Morell da DJ AB da BOC Madaki sun riga sun nuna cewa Hausa na hawa wannan kiɗan daram, ba sai an lanƙwasa ta ba.

Na san uzuri na biyu: tsoro. Za ku ce maganar tsaro wuta ce, hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ƙasa ba ta wasa. Akwai gaskiya a nan. A watan Agustan 2022 hukumar ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda wani shiri kan 'yan bindiga. Ta hana sa waƙar Falz "This Is Nigeria" a 2018, ta hana ta Eedris Abdulkareem a 2025. A Kano ma, "Girgiza Kai" ta Ziriums na cikin waƙoƙin da aka haramta a 2009. Amma ku lura da abu biyu. Na ɗaya, a watan Mayun 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa hukumar ba ta da ikon cin tara da kanta. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ba wanda ya ce ku ambaci sunan wani ɗan bindiga, ko ku zagi gwamna, ko ku jefa yaron ƙauye cikin haɗari a garin da infoma ke da kunne a kowace majalisa. Tsakanin wannan da shirmen dala akwai fili mai faɗi. Gonar da aka shekara uku ba a taka ba. Kuɗin taki. Firamaren da ta zama masaukin 'yan gudun hijira. Budurwar da aka fasa aurenta saboda kuɗin kayan ɗaki sun tafi a fansar mahaifinta. Saurayin da ya gudu Legas yana acaba yana turo na tuwo. Har da abin dariya, don mutanen Batsari da Safana ba su daina dariya ba, ba su daina soyayya da ƙwallo da tsokanar juna ba, kuma su ma suna son su ji kansu a rediyo suna raye, ba sai a labaran mutuwa kaɗai ba. Wace doka ce ta hana wannan? A Senegal, Xuman da Keyti sun fara karanta labaran mako cikin gambara a 2013, ɗaya da Faransanci ɗaya da Wolof, har gidan talabijin ya ɗauka. Ba wanda ya ba su izini daga sama. Sun zauna ne suka yi aikin.

Ranku ya daɗe shugabannin tashoshi, kaso mafi girma naku ne. Ku kuke ɗaukar shirin matasa abin cike gurbi, ku miƙa shi ga yaron da ba ku biya albashin kirki, ku bar shi ya nemi na cefane a aljihun baƙinsa, sannan ba ku taɓa zama kun saurari abin da ke fita da sunan tasharku ba. Shirin siyasa kuna tace shi kalma-kalma saboda akwai mai kuɗin da zai yi fushi. Shirin da 'ya'yan talakawa ke ji kuwa ko oho. Alhali wannan sa'a guda ta fi dogon jawabin kowane jami'i shiga kunnen ɗan shekara sha bakwai, kuma shi ne wanda daji ke zawarci.

Gyaran ba ya bukatar kwangila ko tallafin wata ƙungiyar waje. A goge ƙarar harbi daga kwamfutar dije yau, ba gobe ba. A haramta karɓar ko sisi daga mawaƙi, a biya mai gabatarwa haƙƙinsa don kada yunwa ta mayar da shi ga tsohon hali. Waƙar nan-take ta zama ta gaskiya: mai saurare ya bugo waya ya ba da maudu'i, mawaƙi ya ajiye wayarsa a tebur ya yi a take, wanda ya kasa ya koma ya ƙara koyo. A buɗe lamba ɗaya da yaran ƙauyuka za su turo muryarsu, a sa ta a iska da laƙabi kawai in sun fi son haka. Kuma ko sau ɗaya a wata, a ɗauki rikoda a shiga mota a je Batsari ko Safana ranar kasuwa, a nemi iznin hakimi da shawarar jami'an tsaro, a zauna wajen masu cajin waya da masu tura waƙa a memori, a tambaye su wane yaro ne ya fi kowa baki a garin nan. Za su nuna muku shi kafin ku gama shan ruwa.