Kafin Kamaru ta mallaki tauraron ɗan adam: wa zai zauna a kujerar mai kaya?

Tun a shekarar 2019 ministar gidan waya da sadarwa ta Kamaru, Minette Libom Li Likeng, ta kafa kwamitin da zai yi nazarin shirin sararin samaniya na ƙasar, wanda aka raɗa wa suna CAMSPACE. Daga wancan lokaci zuwa yau ƙasashen da ba su kai Kamaru yawan jama'a ba sun riga ta. Jibuti ta harba ƙaramin tauraronta na farko a watan Nuwamba na 2023, Senegal ta harba Gaindesat-1A a watan Agusta na 2024, dukansu da taimakon cibiyar sararin samaniya ta jami'ar Montpellier da ke Faransa. A watan Afrilun 2025 kuma aka buɗe Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka a birnin Alƙahira. Don haka ba abin mamaki ba ne idan ana tambaya a teburin mai shayi na Duwala cewa yaushe namu zai tashi. Amma akwai tambayar da ta riga wannan: tauraron me, kuma wa zai yanke shawarar?

Injiniyoyi kan ce kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na kuɗin da irin wannan aiki zai ci har ƙarshen rayuwarsa, ana ɗaure shi ne tun a matakin zanen farko, lokacin da ba a sayi ko noti ɗaya ba. A nan ake zaɓen abin da tauraron zai gani, da tsayin da zai tashi, da hanyar da zai riƙa bi yana kewaya duniya. Idan an yi kuskure a wannan mataki, babu bakaniken da zai bi shi sama ya gyara.

A da, ana yin wannan zane ne bi da bi. Mai kula da kyamara ya gama lissafinsa ya aika wa mai kula da lantarki. Shi kuma ya ga kyamarar na bukatar wuta da yawa, sai ya ƙara girman faifan sola da batir, ya aika wa mai lissafin nauyi. Nauyi ya ƙaru, man da za a ɗauka ya ƙaru, rokar da aka yi niyyar hayarta ba za ta iya ɗaukar kayan ba, takarda ta koma hannun mai kyamara bayan wata uku, a sake sabon lale. Duk wanda ya taɓa bin takardar fili daga ofis zuwa ofis ya san irin wannan tafiya.

A 1995 cibiyar JPL ta hukumar NASA da ke Kalifoniya ta sauya salon, ta kafa rukunin da ake kira Team X. Hukumar sararin samaniya ta Turai, ESA, ta bi sahu a ƙarshen 1998 da ɗakinta mai suna CDF a garin Noordwijk na ƙasar Holan. Hukumar CNES ta Faransa tana da nata a Toulouse, Jamus tana da nata a Bremen. Masu Faransanci suna kiran tsarin ingénierie concourante. Mu a Hausa ba mu rasa sunansa ba, domin gayya ce. Ana tara ƙwararru kamar ashirin ko fiye a ɗaki guda, kowa da kwamfutarsa, dukansu kuma suna aiki a kan rumbun lissafi ɗaya. Da mai kyamara ya ƙara faɗin madubi, nan take lambar nauyi da ta wuta da ta kuɗi za su motsa a babban allo, kowa yana gani. Akwai jagora da ke raba magana kamar sarkin gayya, ana zama na 'yan awoyi, a tashi kowa ya je ya zurfafa lissafinsa, a sake haɗuwa. ESA ta ce nazarin da kan ɗauki wata 6 zuwa 9 ya koma mako 3 zuwa 6.

Sauri ne aka fi yayatawa, amma a ganina ba shi ne abin da ya fi shafar ƙasa kamar Kamaru ba. A cikin wannan ɗaki akwai kujerar da aka keɓe wa mai kaya, wato wanda zai yi amfani da tauraron. Yana zaune ana lissafi, ya faɗi abin da yake so, a nuna masa farashinsa a take, ya rage ko ya sauya. Wanda ya zauna a wannan kujera shi ne ainihin mai tsara tauraron, ko da bai san lissafin falaki ba.

A ɗauka an zaunar da wani jami'in ƙaramar hukumar Duwala ta biyu, wadda New Bell ke cikinta, aka ce ya faɗi bukatarsa. Ba sai ya yi dogon tunani ba. Ruwan saman da ke sauka a Duwala ya haura milimita 3,500 a shekara, kusan ninki huɗu na abin da Kano ke samu, mafi yawansa kuma tsakanin Yuni da Oktoba. Garin shimfiɗe yake a bakin kogin Wouri, kuma idan ruwan sama ya haɗu da cikar teku, magudanun ruwa ba sa samun inda za su zubar da abin da suka kwaso. Mazauna Makéa da Nkololoun da unguwar Kongo sun san abin da ke biyo baya: kayan shago a kan benci, katifa a kan rufi, sannan fargabar kwalara. Jami'in zai ce yana son ya ga lungun da ruwa ya ci, a ranar da ya ci shi.

Nan gardama za ta fara, kuma gardamar ita ce amfanin ɗakin. Mai kyamara zai ce masa kyamara ba ta gani ta cikin gajimare, kuma a watannin da yake bukatar hoton, sararin Duwala a rufe yake kusan kullum. Tauraro mai kyamara zai yi aiki sosai a kan Garwa da Marwa lokacin rani, amma a kan New Bell a watan Agusta farin hoto kawai zai turo. Sai a koma kan rada, wadda ke ratsa gajimare dare da rana. Mai lantarki zai ɗaga hannu ya ce rada na shan wuta ƙwarai, ba za ta shiga cikin ɗan akwatin nan mai faɗin santimita 10 irin na Senegal ba, don haka nauyi da kuɗi sun ninka sau da yawa. Mai sarrafa hotuna kuma zai ƙara da nasa: rada ta ƙware wajen gano ruwa a buɗaɗɗen fili, amma a unguwar da rufin kwano ya haɗe da rufin kwano, kwanon take gani, lungun da ke ƙarƙashi ya ɓace mata. Wani zai tuna wa ɗakin cewa Turai tana raba hotunan taurarinta na Sentinel kyauta, akwai na rada akwai na kyamara, sai dai ɗigo ɗaya a hoton Sentinel-2 mita 10 ne, lungunan New Bell da yawa kuwa ba su kai rabin haka ba.

Kafin a tashi zaman, mai yiwuwa a gane cewa abin da zai fi taimaka wa New Bell shi ne taswirar tudu da kwari mai inganci, da ma'aunan ruwan sama da na cikar kogi, da jirage marasa matuƙi da ke tashi ƙarƙashin gajimare, da saƙon gargaɗi a waya, da yashe magudanu kafin damina. Wato amsar na iya zama cewa wannan matsala ba ta tauraro ba ce. Ɗakin gayya na iya fitar da irin wannan amsa cikin mako biyu. Kamfanin da ke sayar da taurari ba aikinsa ba ne ya faɗa maka haka, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Batu na biyu ya fi shafar masu karatunmu na arewa, domin zaɓen hanyar kewayawa magana ce ta siyasa da aka lulluɓe da lissafi. Yawancin ƙananan taurari ana harba su ne a hanyar da ke ratsa doron duniya daga arewa zuwa kudu, saboda nan ne ake samun roka ta haya mai sauƙi. Na Jibuti da na Senegal duka rokar kamfanin SpaceX suka hau tare da taurarin wasu. Irin wannan hanya tana ganin ko'ina, amma takan ɗauki kwanaki kafin kyamara ta sake dawowa kan wuri ɗaya. Indonesiya ta zaɓi wata dabara a 2015: ta sa tauraronta LAPAN-A2 a hanyar da ta karkata digiri 6 kacal daga layin da ya raba duniya biyu, don ya riƙa bi ta sararin ƙasar sau 14 a yini. Duwala tana kan digiri 4, Yawunde ma kusan haka, don haka wannan dabara za ta burge duk wanda ke zaune a kudu. To amma Ngaundare ta haura digiri 7, Garwa ta haura 9, Marwa ta haura 10, Kuseri tana kan 12. A watan Satumban 2024 ambaliya ta karya gada a Yagwa, ta raba dubban mutane da gidajensu a jihar Arewa Mai Nisa, a daidai lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri. Idan babu kowa daga kwarin Logone ko na Binuwai a ɗakin, lamba ɗaya da aka rubuta a allo za ta iya fitar da su daga idon tauraron na tsawon rayuwarsa, ba tare da wani ya yi nufin mugunta ba.

Ruwan ma bai san iyaka ba. Duk lokacin da aka buɗe madatsar Lagdo da ke kusa da Garwa, Yola da Makurɗi da Lokoja ne ke kwana da ido ɗaya, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Zaman da ya haɗa masu kula da ruwa na ƙasashen biyu a gaban allo ɗaya zai yi amfani ko da ba a harba komai ba.

Akwai kuma masu ganin tauraron sadarwa ya kamata a sa a gaba, tunda ma'aikatar sadarwa ce ke riƙe da shirin. Suna da hujja. A ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, Kamaru na cikin ƙasashen da abin ya taɓa, kuma ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗin goro ko na atamfa ta waya ya ji a jikinsa. Sai dai wannan wani irin aiki ne dabam: tauraro mai nauyin tan-tan, a tsayin kilomita 35,786, da kuɗin da ya kai ɗaruruwan miliyoyin dala. Najeriya ta bi wannan hanya. An harba NigComSat-1 daga Caina a watan Mayun 2007, ya mutu a watan Nuwamban 2008 sakamakon matsalar faifan solarsa, sai a Disamban 2011 aka harba madadinsa. Angola ma ta rasa Angosat-1 jim kaɗan bayan harba shi a ƙarshen 2017, ta jira har 2022. Yanzu ga Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023, Nijar da Cadi suka bi a 2025, alhali a Kamaru hukumar kwastan ta ba da umarnin kama na'urorinsa a watan Afrilun 2024. Duk wanda zai lissafa ribar tauraron sadarwa na shekara 15 dole ya sa wannan kishiya a cikin lissafi, ya kuma kwatanta da kuɗin ƙara shimfiɗa waya zuwa arewa.

Abin da ya fi daɗewa yana amfanar Najeriya, a nawa hukunci, shi ne injiniyoyin da ta tura Surrey a Ingila, waɗanda suka haɗa NigeriaSat-X da hannunsu aka harba shi a watan Agustan 2011. Gabon kuwa ta ɗauki wata hanya: hukumarta AGEOS ta gina tashar karɓar hotuna a Nkok kusa da Libreville, tana sauke bayanai daga taurarin wasu, kuma da'irar tashar ta haɗa da Kamaru.

Za a ce ɗakin gayya ba tare da gogaggun mutane ba, gidan intanet ne kawai mai manyan alluna. Gaskiya ne. Ƙarfin Team X da CDF yana cikin mutanen da suka taɓa gina taurari da kuma bayanan ayyukan baya da suke dogara da su. Amma wannan ne ɓangaren da ake iya farawa da shi da kuɗi kaɗan, domin ba ya bukatar roka ko masana'anta. Akwai makarantun Polytechnique a Yawunde da Duwala da Marwa, akwai SUP'PTIC, akwai cibiyar taswira ta ƙasa INC da hukumar sa ido kan sauyin yanayi ONACC, akwai kuma 'yan Kamaru da ke aikin injiniya a ƙasashen waje, waɗanda za su iya shiga zama ta intanet. Ko da a ƙarshe kamfanin waje ne zai ƙera tauraron, ƙasar da ta yi nata lissafi tana zuwa ciniki da sanin abin da take nema da kimar kuɗinsa.

New Bell kanta ta san abin da ake nufi da tsarin da aka zana ba tare da mai zama ba. Jamusawa ne suka shata ta gab da yaƙin duniya na farko, lokacin da suka ƙwace filayen bakin kogi daga hannun 'yan ƙabilar Duala, suka bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakanin unguwar Turawa da ta baƙaƙe. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya yi adawa da shirin, suka rataye shi a ranar 8 ga Agusta na 1914. Yawancin waɗanda aka shata wa unguwar ba su yarda sun zauna ba, sai baƙi suka cika ta, Hausawa da Bamileke da Basa da sauransu, a kan ƙasa mai fadama da ba a yi wa magudanun da za su ɗauki yawan mutanen ba.

Abin da 'yan majalisar Duwala ta biyu da na jihohin arewa uku za su iya nema a yanzu ba shi da tsada. A wallafa takardar bukatun CAMSPACE, wadda ke faɗin abin da ake son tauraron ya yi da yankin da zai riƙa gani, da Faransanci da Ingilishi, a kuma bayyana hukumomin da aka zauna da su kafin a rubuta ta. Daga jerin sunayen za a gane ko magajin garin Duwala, da masu kula da Lagdo, da hukumomin Yagwa da Kuseri suna ciki.