Lamba Ta 88 Ba Abin Guɗa Ba Ce

Tun daga shekarar 2007 Bankin Duniya yake fitar da wani ma'auni na gwada ƙasashe wajen iya jigilar kaya. Yadda aka riƙa yi har zuwa rahoton 2023 shi ne, a tambayi kamfanonin fito da dakon kaya su ba ƙasashen da suke hulɗa da su maki daga 1 zuwa 5 a kan abubuwa shida, ciki har da saurin kwastan wajen sallamar kaya, da kyawun tashoshi da hanyoyi, da kuma ko kaya suna isa a ranar da aka yi alkawari.

A rahoton 2023 Singafo ce ta zo ta ɗaya da maki 4.3, Afirka ta Kudu ta 19, Nijeriya kuwa ta 88, alhali a 2018 ita ce ta 110. Wanda ya dubi lambobin nan biyu kaɗai sai ya ce an yi rawar gani. To, amma fa ƙasashe 160 aka gwada a 2018, a 2023 kuwa 139 ne, kuma ƙasashe da dama ne suka yi kunnen doki a lamba ɗaya. Makin Nijeriya ɗan motsi kawai ya yi, daga 2.5 zuwa 2.6. Kada kuma a manta cewa a 2014 ita ce ta 75.

Wani abin lura shi ne, ma'aunin nan ya fi mai da hankali ne ga cinikin ƙasa da ƙasa, wato idonsa yana bakin ruwa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari kuwa, fitar kayansa daga Apapa somin taɓi ne, domin akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000 a gaban tirela, ga ramuka, ga shingaye, kuma ko kwabo aka kashe a hanya, a kan mai sayen yadi zai ƙare. An buɗe tashar kan tudu ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano kuma a 2023, amma amfaninsu ya rataya ne a kan jirgin ƙasa mai zuwa a kan lokaci.

Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Sufuri da Hukumar Kwastan su kafa nasu ma'aunin na cikin gida. Kowane wata a bayyana wa jama'a kwana nawa kwantena take yi daga saukarta a Legas zuwa isarta Kano, nawa aka biya, kuma sau nawa aka tsai da ita a hanya.