Yawon Ƙafa a Ƙasar Kuza

Wata rana ina rangadin makarantu wajen Bukuru, sai na tambayi 'yan aji shida na ce, "Wa ya haƙa tafkin nan na bayan makarantarku?" Duka suka yi tsit. Can sai wani yaro ya ce ruwan sama ne ya yi shi. Abin ya dame ni ƙwarai, gama watakila kakannin waɗansunsu ne suka haƙa shi. Tun daga ran nan na ce ya kamata kowane aji ya fita yawon ƙafa, ko da sau ɗaya a shekara, ya dubi ƙasarsa. Gani ya kori ji.

Ba sai an yi nisa ba, mil biyu ko uku sun isa. Ƙasar Jos tudu ce, ta ɗara teku da kamar ƙafa 4,000, saboda haka iskarta da sanyi, tafiyar hantsi ba ta gajiyarwa. Da kun fita gari za ku ga manyan duwatsu, wani bisa wani, kamar an jera su. Wanda ya fi suna shi ne Dutsen Riyom. Kada ku ce aljannu ne suka ɗora su. A da dutse ɗaya ne, ya tsattsage, ruwa ya riƙa shiga tsagar yana cin gefe shekara da shekaru. Daga baya ruwa ya kwashe ƙasar da ta rufe su, ya bar su tsaye.

Daga irin duwatsun nan kuza ta fito, ruwa ya gangaro da ita cikin kwaruruka. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwe suna narka ta. Wajen 1904 Turawa suka soma haƙarta, lebura suka taho daga Kano da Bauchi da Borno. Sukan ɗebo ƙasa a kwano su wanke, yashi ya tafi, kuza ta zauna a ƙasa, don baƙa ce mai nauyi. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, yana kwasarta, har ta kai Ingila. Can ake shafa ta jikin gwangwani don kada ya yi tsatsa. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin yaƙi, aka kawo mutane aikin tilas, sanyi da ciwo suka kashe da yawa. A 1985 kuɗin kuza ya faɗi warwas, manyan kamfanoni suka watse, ramukan da suka bari suka cika da ruwa.

Wajen haƙar kuza kuma aka tono wani mutum-mutumi na yumɓu kusa da Nok a 1928. Irinsu sun haura shekara 2,000, kuna iya ganin waɗansu a gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952.

Waɗansu iyaye sukan ce wannan ɓata lokaci ne, ga kuma haɗari. Zancen haɗari gaskiya ne. Tafkunan nan suna da zurfi, gaɓarsu a tsaye take, sun ci yara da dama. Amma yaron da aka ɓoye wa tafki, wata rana shi kaɗai zai je. Gara malami ya kai shi, ya nuna masa daga nesa, ya gaya masa abin da ke ciki. Batun ɓata lokaci kuwa, a safiya ɗaya kun karanta labarin ƙasa da tarihi ba tare da allo ba.

To, idan malam ya fita da ku, ku sa takalmi, ku riƙe gorar ruwa da fensir. Kada ku sa hannu cikin kogo saboda maciji. Kada ku matsa bakin rami, kada kuma ku shiga tafki wanka, ko da kun iya iyo. In kun ga manoman rani suna ban ruwa daga tafkin, ku gaishe su, ku tambaye su abin da suka shuka. In kun koma gida, ku tambayi tsofaffi labarin kuza tun suna da rai, ku rubuta abin da suka faɗa.