Ra'ayinmu: Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya tashi a Wonaka, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ya san yadda magabata suka tsara gida. Baƙo yakan tsaya a zaure ya yi sallama, aboki ya wuce shigifa, ɗan'uwa ya isa tsakar gida, amma ƙuryar ɗaki sai mai ɗaki. Da wannan tsari suka kare mutuncinsu da asirinsu. Abin takaici, yau mun wayi gari da yawa daga cikinmu sun kwashe kayan ƙuryar ɗaki sun baje a Facebook da TikTok da WhatsApp, inda babu zaure balle sallama.

Idan a wasu ƙasashe sakaci da sirri kunya kawai yake jawowa, a nan Zamfara yana iya cin rai. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta katse layukan waya a duk faɗin jihar bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, domin a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Sai ranar 1 ga Oktoba aka maido wa Gusau layinta, ƙauyuka kuwa suka daɗe cikin shiru. Ko mutum ya yaba wa wannan mataki ko ya kushe shi, darasi ɗaya ya fito fili: labari makami ne. Haka nan wanda ya tuna yadda aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu a Sabon Gida cikin Satumba na 2023, ba ya bukatar a gaya masa amfanin ɓoye makwanci.

To, ina dalilin da ɗalibi zai rubuta wa duniya cewa gobe da asuba zai kama hanyar Tsafe? Ina hikimar ɗaukar hoto a ƙofar gidan haya, ko shelar cewa mahaifinsa ya sayar da waken suya buhu kaza? Shi yana ganin da abokansa yake zance, alhali kuwa cikin dubun da ya karɓa da sunan abota bai san fuskar ɗari ba. Mai kai rahoto ba sai ya wahalar da ƙafarsa ba, tunda mun sauƙaƙe masa aiki.

Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi muni, don ko ka goge ta wani ya riga ya adana hotonta. A Nuwamba na 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda 'yan kalmomin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, har ya kwana a gidan yari kafin a janye ƙarar. Mun tsaya a kan cewa faɗin ra'ayi haƙƙin ɗalibi ne, amma ya kamata mai rubutu ya sani cewa a bainar jama'a yake tsaye.

Gaskiya ne akwai doka. A Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, a Yuli na 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 saboda yadda ya sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. Amma doka sai bayan ɓarna take zuwa, ba ta maido da abin da mutum ya yaɗa da hannunsa.

Ba mu ce a jefar da waya ba, domin da ita muke karatu, da ita iyaye ke jin lafiyarmu. Kiranmu shi ne kowa ya gina wa shafinsa zaure. Ka taƙaita masu ganin abin da ka saka. Kada ka ba da labarin tafiya sai ka sauka. Lambar NIN, da ta BVN, da lambobin sirri da banki ke aikowa, kada ka ba kowa. 'Yan'uwa mata, hoton da ba za ki so mahaifinki ya gani ba, kada ki aika wa saurayi, don zuciyar mutum birninsa. Sirrin wani kuma amana ne, wanda ya tura hoton 'yar'uwarsa don a yi dariya ya ci amana.

Muna kuma kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai su sanya wannan batu cikin jawaban maraba da sababbin ɗalibai, mu kuma in mun je hutu mu isar wa ƙannenmu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya rufa mana asiri, amin.